Ra'ayinmu: Famfon Iska, Wa Zai Gyara?

Duk ɗalibin da ya je gida hutu cikin bazara ya ga abin da muke gani kowace shekara: mata da yara a bakin rijiya tun asuba suna jan guga, shanu na jiran sha, iska kuwa tana ta kaɗawa bisa kansu a banza.

Sa iska ta ja ruwa ba sabon abu ba ne. A 1854 wani makaniki Ba'amurke, Daniel Halladay, ya ƙera famfo mai fukafukai wanda ke juyawa da kansa ya fuskanci iska, in ta yi ƙarfi kuma ya rage gudu don kada ya karye. Manoma da makiyayan filayen tsakiyar Amurka, inda rafi ke da nisa, suka kafa irinsa miliyoyi. Daga baya, wajen 1930, ƙananan injuna masu fiffike biyu ko uku, irin na 'yan'uwan nan Jacobs, suka riƙa cika batir don fitila da rediyo a gidajen gona. Dokar kai lantarki karkara ta 1936 ta kawo waya, aka yi watsi da yawancinsu. Famfon ruwa kuwa ya ci gaba da aiki a makiyayar da waya ba ta kai ba.

Me ya sa ya daɗe haka? A ganinmu, don mai shi yana iya gyara shi ne. Tun 1915 kamfanin Aermotor ya rufe haƙoran injin cikin akwatin mai, watau sau ɗaya a shekara manomi zai hau ya canja man. Fatar famfo in ta cinye, da sifana zai fitar ya sa wata. Ba ya jiran kowa daga birni.

A nan gida mun fi son babban abu. A Lambar Rimi ta Jihar Katsina an kafa injunan iska 37 na kamfanin Faransa don ba da megawat 10, aikin da aka yi fiye da shekara goma ana ja. Ba mu ƙi shi ba. Amma lantarkinsa na babbar waya ne, ba na rijiyar ƙauye ba, kayan gyaransa kuma sai daga ƙetare.

Kada a ce mun ruɗe da iska. In gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da take bayarwa ninki takwas ne, saboda haka wurin da ba ta da kirki asara ce kawai a kafa inji. Akwai kwanakin da take ɗaukewa ɗif, dole sai da tanki mai riƙe ruwan kwana biyu ko uku. Har wa yau famfo mai aiki da hasken rana ya yi araha ƙwarai, a wurare da yawa ma shi ya fi. Sai dai in na'urarsa ta ƙone, maƙerin gari ba shi da ta cewa, alhali fiffiken ƙarfe da sanda da fata duk sana'arsa ce.

Muna roƙon sassan koyon injiniya su sa 'yan ajin ƙarshe su auna iskar ƙauye guda shekara cur, sa'an nan su ƙera famfo tare da maƙera da masu walda na wurin. 'Yan'uwanmu da suka kama aikin gwamnati kuwa, kafin ku sa hannu a takardar kwangilar ruwa, ku tambaya wa zai hau ya zuba mai bayan an yanke kirtani, kuma a wace kasuwa zai sami fatar famfon.