Hanyar Burji Ma Hanya Ce

A siyasar Katsina, hanyar da ake lissafawa cikin aiki ita ce wadda aka malala wa kwalta, aka tara maroƙa da 'yan jarida aka yanke ƙyalle a bakinta. Hanyar burji kuwa, wadda manomi ke bi da buhun gero a kariyar keke, ba mai kula ta: ba a gyara ta don wai wata rana za a yi mata kwalta, kwaltar kuma ba ta zuwa. Wannan lissafi ya jawo mana asara biyu. Mun bar hanyoyin da rayuwar karkara ta dogara a kansu suna zaizayewa, mun kuma kasa gane cewa irinsu ne wasu ƙasashe ke tattalawa suna cin abinci da su. Abin da nake kira a yi ba ya buƙatar biliyoyi. A zaɓi 'yan hanyoyin burji da suka tashi daga birni, a riƙa gyara su duk shekara, a kafa musu alluna, a mai da su sanannun hanyoyin keke waɗanda mafarinsu gindin Hasumiyar Gobarau ne.

Wanda yake ganin zancen wasa ne ya dubi yankin Toskana na Italiya. A 1997 wasu mutanen ƙauyen Gaiole suka fara wani hawan keke da suka sa wa suna L'Eroica, a kan fararen hanyoyin tsakuwa da suka ratsa tuddai da gonakin inabi, kuma cikin dalilansu har da hana a binne hanyoyin nan da kwalta. Mahayan farko ba su kai 100 ba, a kan tsofaffin kekunan ƙarfe. Yau dubbai ke zuwa daga ƙasashe daban-daban, kuma daga cikinsa aka haifi gasar ƙwararru ta Strade Bianche a 2007. A garin Emporia na jihar Kansas ta Amurka, mutum 34 ne suka fara tseren kilomita 320 a kan tsakuwa a 2006, yanzu shi ne babban lokacin cinikin garin. Hukumar tseren keke ta duniya ta yi gasar duniya ta farko a wannan fanni a 2022. Ba a bar Afirka a baya ba: tun 2021 ake tseren kwana huɗu a dajin Masai Mara na Kenya, Ruwanda kuma ta shata hanyar da ta haura kilomita 200 a tuddan gaɓar tafkin Kibu. A duk wuraren nan ba wata sabuwar hanya aka gina ba. Wadda mutanen ƙauye ke bi ce aka ba ta suna da taswira da mai kula.

Katsina ba ta da tafki irin Kibu, kuma ba sai da tafki ba. Mai keke na neman abin gani a kowane zango, mu kuwa tarihi ne jere a bakin hanya. Mutum ya tashi daga hasumiyar da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, ya gifta Ƙofar Soro, ya leƙa tsohuwar Kwalejin Katsina da ta zama gidan tarihi, ya fita ta Ƙofar Durɓi ya nufi gabas. Cikin kilomita 30 da wani abu ya isa Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda tudun kaburburan sarakunan dauri suke, waɗanda aka fara tonawa tun 1907, amma yawancin 'yan makarantar birnin nan ba su taɓa ganinsu ba. Wata gajeriyar hanyar ta bi ta madatsar ruwan Ajiwa ta dawo kafin azahar. Mai ƙarfin cinya ya wuce har Daura ya sha ruwan Kusugu. Mota kan wuce waɗannan garuruwa ta bar musu ƙura. Mai keke dole ya tsaya: ya sha fura, ya sayi ƙosai, ya nemi mai faci.

Tsaro ne hujja ta farko da masu suka za su kawo, kuma hujja ce mai nauyi. Ƙasar da ta fi kyau ga mai son hawa da gangara, wato duwatsun Dutsin-Ma da Safana da Batsari da kewayen madatsar Zobe, ita ce ta yi maƙwabtaka da dajin Rugu, inda 'yan bindiga suka hana mutane noma balle yawon buɗe ido. Ba a manta da 2021 ba, lokacin da gwamnatin Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure. Duk wanda ya tura matasa can a yau da sunan wasa ya ɗauki alhaki. To amma jihar tana da ƙananan hukumomi 34, ba kuma duka ne ke cikin wannan hali ba. A fara da gabas, da rana, cikin ayari, da sanin hakimai da masu unguwanni, yamma ta jira lokacinta. Akwai kuma wani abu da ake mantawa: hanyar da ta mutu ta fi yi wa mai babur ɗauke da bindiga amfani, domin shi yana wucewa, motar jami'an tsaro da ta asibiti ne ke maƙalewa.

Hujja ta biyu ta fi ciwo. Za a ce mutane na fama da abin da za su ci, ana maganar nishaɗin 'yan birni, har ma a ce so ake a bar ƙauye cikin ƙura don baƙi su ɗauki hoto. Hanyar da manyan motoci ke bi zuwa kasuwa ta cancanci kwalta, ba gardama. Sai dai ba gwamnatin da ke da kuɗin yi wa kowace hanya, kuma kwaltar da aka yi aka watsar ta fi burji muni: burji greda ɗaya ke daidaita shi, fasasshiyar kwalta kuwa sai sabuwar kwangila. Sannan wa ke kan keke a Katsina yau? Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai wajen 1,000 cikin shekara ɗaya da rabi, malamin firamare da masinja da ɗan tireda suka kakkaɓe kekunan da suka jingine a zaure. Su ne za su ci moriyar hanyar kullum, mahayin wasa sai ƙarshen mako. Amfanin ɗan wasa shi ne yana da baki. Kwalbati ya karye a hanyar manomi, sai ya shekara ba a ji ba. Ya karye a hanyar da ƙungiyar mahaya ke bi duk Asabar, kafin la'asar hotonsa ya cika Facebook.

Saura ƙasar kanta. Arewacin jihar rairayi ne, kuma mai keke ya san yadda taya ke nutsewa a burtali har sai ya sauka ya tura, ya san tsidau da ke huda tub sau biyu kafin a kai gari na gaba. Maganin rairayi marmara ce da aka zuba aka daddaɓe, ga ta kuwa a ramuka kusa da garuruwa da yawa. Maganin ƙaya taya mai kauri da mai faci a kowane zango, sana'ar da ba sai an koya wa kowa ba a ƙasar da ta san Raleigh da Phoenix tun kakanni. Zafin Afrilu ba na hawan keke ba ne, sai a bar shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sanyin safiya ya ishi mutum ya yi kilomita 40 kafin rana ta ɗaga.

Abin da ya fi rairayi wuyar ratsawa shi ne kunya. A wurinmu wanda ya koma keke karayar arziki ta same shi, shi ya sa ma'aikaci zai ci bashin mai da dai a gan shi yana tuƙa feda. Wannan ba wa'azi ke kawar da shi ba, ganin manya a kan sirdi ne. Garin da ya mai da hawan doki abin ado a Hawan Sallah ya san yadda ake ɗaukaka abin hawa.

Kuɗin aikin ma akwai inda za a nema. Katsina na cikin jihohin shirin RAAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafawa, sai dai a ware kaso na gyaran shekara-shekara maimakon a ƙarar da komai a sabon gini. Ya kamata gwamnatin Malam Dikko Raɗɗa ta fara da hanya ɗaya, ta Durɓi ta Kusheyi: greda ta bi ta a Oktoba da zarar ruwa ya ɗauke, hukumar tarihi ta rubuta alluna da Hausa, masarauta ta sanar da dagatai, makarantun sakandaren birni su fito da ɗalibansu a hawan farko cikin Disamba.