Kafin a Ƙara Murya, a Fara Duba Ɗakin

Akwai koken da ake yawan ji daga gidajen da suka sayi sabbin sifikun kallo, daga Gummi har Anka da Bukkuyum: kiɗa na girgiza ƙyaure, amma in an zo hira a cikin Labarina ko Kwana Casa'in, sai maigida ya riƙa tambayar me aka ce. Maganin da kowa ya sani shi ne a ƙara murya. Sau da yawa kuwa laifin na ɗakin ne.

Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa guda. In ya fito daga sifika, wani ya shiga kunne kai tsaye, wani kuma ya bugi bango ya dawo a makare. Falon siminti mai tayil da rufin kwano yana mayar da sauti sosai, sai amsa-kuwwa ta haɗiye kalmomi. Ɗakin ƙasa mai rufin azara, da darduma da labule, ya fi shanye shi. Shi ya sa na'ura iri ɗaya takan yi daɗi a gidan maƙwabci, ta zama hayaniya a naka.

Kamfanoni sun ƙirƙiro hanyar da na'ura ke auna ɗaki da kanta. Yamaha na kiran tata YPAO, Pioneer na da MCACC, Denon da Marantz kuma suna amfani da Audyssey. Akwai ɗan makirufo da ke zuwa cikin kwali. Kana jona shi, sifiku za su yi ƙara ɗaya bayan ɗaya, na'urar ta saurara. Daga nan ta gane nisan kowace sifika, ta ɗan jinkirta ta kusa domin sautin ya iso tare, ta daidaita ƙarfinsu, ta kuma tura ƙasaitaccen sauti, galibi na ƙasa da hertz 80, zuwa wufa. Mai sayen ta gwanjo a Gusau ko Sakkwato ya tabbatar an haɗa masa da makirufon, domin sau da yawa shi ne ke ɓacewa.

Ranar awon, a kashe fanka, a rufe taga, a nemi lokacin da janareto ba ya ruri kusa. Kada a riƙe makirufon a hannu. A ajiye shi daidai tsayin kunnen mai kallo. A nan ake yawan kuskure: in iyali a kan tabarma suke zama, to a can ƙasa za a auna, ba a saman kujera ba. In an canza wurin kujeru ko an shimfiɗa sabuwar darduma, a sake awon.

Yawancin gidajenmu dai ƙananan na'urori ne masu wufa guda da 'yan sifiku, ba su da wannan tsari. Kunne da hannu ma suna aiki. A fito da wufa daga lungu, domin kusurwa na ninka rugugi. Sifikar tsakiya, wadda ke ɗauke da maganar 'yan wasa, ta zauna dab da talabijin tana fuskantar masu kallo. Ta hagu da ta dama su yi nisa ɗaya da wurin zama. A rataya labule mai kauri, a rage rugugin wufa daga rimot, sannan a saurari labarai. In ana jin kowace kalma ba tare da an ƙure murya ba, an dace.

Dalilin da ya sa na ɗauki batun da nauyi shi ne kunnuwan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraron ƙarar desibel 80, yaro kuma desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci gida biyu. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. A yankinmu kuma akwai ƙarin dalili: gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta kashe ɗaruruwan yara, kuma matsalar ji na cikin illolin da dalma ke bari. Gidan da abin ya shafa ya kamata ya ninka kula.

Ga gwaji mai sauƙi: in sai kin ɗaga murya kafin na kusa da ke ya ji ki, ƙarar ta yi yawa. In kuma an gyara ɗakin amma yaro na matsawa jikin sifika, a kai shi asibiti a duba kunnensa. Masu gidajen kallon ƙwallo, ku ma wannan ya shafe ku, domin yaran unguwa ne ke cika bencin gaba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.