Imani ko Aiki? Darasin Rigimar Shekara 482 ga Mutanen Ƙasar Gumel

Wata ranar Alhamis da yamma na shiga motar haya daga kasuwar Maigatari zan koma Gumel. Mun cika maƙil, ga buhunan riɗi an ɗaure a sama, ga akuya tana kuka a baya. Wani dattijo ya fara ba da labarin dillalin da ya sayar masa da saniya mai ciwo, bayan ya rantse masa da Allah cewa lafiyarta ƙalau. Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai, mutumin ba ya rasa sahun farko a masallaci. Wani matashi da ke gefena ya ce, "Baba, ai wannan ba Musulmi ba ne." Wani daga gaba ya waiwayo ya ce, "Haba Malam, mutum ya yi kalmar shahada ka fitar da shi? Tsakaninsa da Ubangijinsa ne." Kafin mu shigo Gumel an manta da saniya da dillali, an koma zagin malaman juna.

Tambayar da ta tashi a motar nan tsohuwa ce: me ke tsirar da bawa, imanin da ke zuciyarsa ko aikin da gaɓoɓinsa suka yi? Kiristocin Turai sun yi wannan gardama har ta raba su gida biyu, Katolika da Furotesta, kuma abin da ta jawo musu ya isa a tsaya a duba.

A shekarar 1517 wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana zagaya garuruwan Jamus da akwatin kuɗi da takardu masu hatimi. Idan ya shiga gari sai a kafa gicciye, jama'a su taru, ya kwatanta musu wahalar da iyayensu da suka mutu ke sha a zangon tsarkakewa kafin shiga aljanna. Wanda ya jefa kuɗi a akwati sai a miƙa masa takardar sassauci, ya koma gida da zaton ya rage wa mamacinsa azaba. An ce kuɗin na ginin babban cocin Bitrus ne a birnin Rum, amma wani kaso yana tafiya wajen biyan bashin da babban limamin Mainz, Albrecht, ya ci a bankin iyalan Fugger don samun muƙaminsa.

Martin Luther, malamin addini a jami'ar Wittenberg, ya ga talakawa suna tafiya sayen waɗannan takardu, sai ya rubuta batutuwa 95 na ƙalubale a ranar 31 ga Oktoba, 1517. Daga nan magana ta zarce kan takarda, ta kai ga tushe. Luther ya dogara da wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, ya ce ceto kyauta ce daga alherin Allah, ana karɓarta ta bangaskiya kaɗai, ayyuka nagari kuma 'ya'yan itace ne da ke biyo baya. Malaman Katolika suka ce su ma sun yarda alherin Allah ne mafari, sai dai dole mutum ya ba da haɗin kai, bangaskiyarsa ta bayyana cikin ƙauna da aiki, suka kafa hujja da wasiƙar Yakubu wadda ta ɗauki bangaskiya marar aiki a matsayin matacciya. A 1521 Paparoma Leo na Goma ya kori Luther daga ikilisiya. Sarkin Saksoni, Frederick, ya ɓoye shi a ganuwar Wartburg, inda ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci.

Akwai wani zama da ba a cika ambatonsa ba, kuma a ganina nan ne zuciyar darasin take. A 1541 aka tara malaman ɓangarorin biyu a garin Regensburg. Philip Melanchthon da Martin Bucer suna gefen Furotesta, Johann Eck da Johann Gropper suna gefen Katolika, ga Kadinal Contarini wakilin Paparoma. Cikin 'yan kwanaki suka amince da rubutu guda a kan wannan mas'ala ta ceto. Da aka kai wa Luther ya ce faci ne kawai aka yi, Rum ma ta ƙi sa albarka. Kowane ɓangare yana tsoron a ce shi ne ya sauko. Taron Trent na cocin Katolika, wanda ya gudana daga 1545 zuwa 1563, ya fitar da hukuncinsa kan ceto a 1547 tare da jerin tsinuwa ga masu saɓa masa, littattafan aƙidar Furotesta su ma suna ɗauke da nasu tsinuwar. Ƙofa ta rufu.

Da bango ya tsage, ƙadangaru suka samu wurin shiga. Sarakunan da ke kwaɗayin filaye da dukiyar coci suka rungumi sabuwar aƙida, masu tsoron rasa mulki suka riƙe tsohuwa da ƙarfin takobi. A 1572 an kashe dubban Furotesta a Faransa. Daga 1618 zuwa 1648 aka yi Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya ci miliyoyin rayuka, yawanci ta yunwa da annoba. A 1631 kaɗai an hallaka kimanin mutum 20,000 a birnin Magdeburg. Abin mamaki, Faransa da ke Katolika, wadda Kadinal Richelieu ke juya al'amuranta, ta mara wa Suwidin ta Furotesta baya don karya gidan sarautar Habsburg, 'yan'uwanta a aƙida. Manomin da aka ƙone wa rumbu yana zaton don addini ake yi, manya kuwa lissafin mulki suke yi.

Sai bayan taron Batikan na Biyu aka koma teburi, a 1967. An shafe shekara talatin ana tambayar juna: idan ka ce bangaskiya, me kake nufi? Nan aka gano cewa Luther yana nufin dogaro ga Allah da dukan zuciya, wanda ba ya rabuwa da aiki, Katolika kuwa suna jin kalmar a matsayin gaskatawa kawai, shi ya sa suke cewa ba ta isa ba. Ranar 31 ga Oktoba, 1999, a garin Augsburg, cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa: ceto daga alherin Allah yake, shi ne kuma ke motsa mutum ga aiki nagari, tsinuwar ƙarni na 16 ba ta hau kan koyarwar da aka bayyana a takardar ba. Methodist suka shiga a 2006, cocin Reformed a 2017. A shekarar 2017 ɗin ne aka zaɓi ɗan Najeriya, Akbishop Musa Panti Filibus na cocin Lutheran da ke da hedikwata a Numan, shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya. Har yau ba su daidaita kan matsayin Paparoma da wasu mas'aloli ba, wasu 'yan Lutheran ma ba su sa hannu ba. Amma shekara 482 bayan Wittenberg, sun daina jefa juna wuta a kan wannan batu.

Kada mu ɗauka labarin nesa ne. Musulmi sun yi irin wannan muhawara tun ƙarnin farko: Hawarijawa suka kafirta mai babban zunubi, Murji'a suka ce zunubi ba ya taɓa imani. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta bi tsakiya: imani ya haɗa furuci da ikhlasin zuciya da aikin gaɓoɓi, yana ƙaruwa yana raguwa, kuma ba a kafirta Musulmi saboda zunubi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa ya yi rubuce-rubuce yana raddi ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin tauhidi ba.

Ƙasar Gumel ta ɗanɗana wannan gardama a jikinta. Masarautar da Mangawa suka kafa ta tsaya a ɓangaren Barno lokacin jihadi, maƙwabtanta Haɗeja da Kano suna ƙarƙashin tutar Sakkwato. A wasiƙun da Shehu Muhammadu al-Kanemi ya yi musaya da Muhammadu Bello, waɗanda Bello ya kawo cikin Infaƙul Maisuri, al-Kanemi ya ce laifuffukan da ake zargin mutanen Barno da su saɓo ne, saɓo kuwa ba kafirci ba ne. Bello ya amsa cewa akwai ayyukan da ke rushe imani, har da taimaka wa masu yaƙar Musulmi. Malamai biyu, mazhaba ɗaya, suna rubutu da tawada cikin ladabin ilimi, garuruwan kan iyaka irin namu kuwa su ne suka sha hare-hare shekara da shekaru.

Yau ma ga mu. Tun kafuwar Izala a Jos a 1978 ake ja-in-ja tsakaninta da 'yan ɗarikun Tijjaniyya da Ƙadiriyya, an raba masallatai, an fasa aure, an ƙi bin juna salla. Yanzu wayar hannu ta ƙara wa wutar fetur: a yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu, a watsa a Facebook da WhatsApp, yaron da bai gama Ahalari ba ya zauna a shagon caji yana rabon aljanna da wuta. Idan zaɓe ya matso, ɗan siyasa ya san masallacin da zai kai wa buhunan siminti. Mun kuma ga inda kafirtawa ta kai mutane a Kano a 1980 da kuma Barno a zamaninmu.

Manomin Sule Tankarkar ko Gagarawa ya riga malaman Augsburg fahimtar wannan mas'ala. Ya san ko ya kwana yana huɗa, in sama ba ta zubo ba babu gero, kuma ruwan ba ƙarfinsa ne ya saukar da shi ba. Ya kuma san ruwan da ya sauka a gonar da ba a shuka ba, ciyawa kawai zai fitar. Ba ya tsayawa gardamar wanne ya fi. Yana roƙon ruwa, yana wasa fartanya.

Kirana ga malamanmu na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar shi ne su riƙa zama da juna ba tare da lasifika ba, kowa ya faɗi abin da yake nufi da bakinsa kafin a yanke masa hukunci, kuma su hana kuɗin 'yan siyasa hawa mumbari. Ku kuma matasa, dillalin da ya cuci dattijo a kira shi macuci, a kai shi gaban Sarkin Kasuwa ya biya, a bar wa Allah abin da ke zuciyarsa. Turawa sun binne miliyoyi kafin su koyi tambayar juna ma'anar kalma guda. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.