Zauren Marubuta: Kafin Ka Saki Littafinka a Intanet

Matasanmu na Garwa, Marwa da Ngaundere sun duƙufa wajen wallafa littattafansu a intanet, sai dai gaggawa tana ɓata wa wasunsu aiki.

Da farko, madannan kwamfuta na Faransanci ba su da ƙ, ɗ da ɓ. In marubuci ya yi sakaci, sai "ƙasa" ta koma "kasa". Na biyu, kada ka saki aya ko hadisi sai malami ya duba maka, domin magana zarar bunu ce: kuskuren da ya bazu a WhatsApp ba ya janyuwa. Na uku, ka adana kwafinka a gida. Dandalin OkadaBooks na Najeriya, wanda marubutan Hausa da dama suka dogara da shi, ya rufe a 2023.

Allah Ya sa mu dace.