Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Jama'a, in ana zancen masu ƙetare teku cikin ɗan jirgi mai tafiya da iska, jaruntakarsu cikin hadari aka fi yabo. Ni kuwa a ganina kwanakin da suke yi a gaɓa kafin su tashi su ne abin lura, gama a nan ake gyara tafiya ko a ɓata ta.

Ga misali Las Palmas, tashar jiragen ruwa ce a tsibiran Kanari, yamma da Maroko. Tun 1986 jirage kan taru can kowane Nuwamba don su ƙetare Tekun Atlantika tare. Yanzu tsibirin Sent Lusiya suke nufa, wajen mil 2,700 na teku, tafiyar mako biyu zuwa uku. Sukan jira Nuwamba saboda lokacin muguwar guguwa ya kusa wucewa, iskar da za ta kora su yamma kuma ta fara kaɗawa sosai.

To, yaya zamansu yake kafin ran tashi? Aiki ne irin na tururuwa. Da safe a ja mutum guda da igiya har ƙwanƙolin dogon sandan jirgi, ya duba kowace waya da kowace ƙusa. Wani na zaune da allura yana ɗinke filafilai, watau manyan zannuwan da iska ke bugawa. Da rana a tafi kasuwa. Kwali ba ya shiga jirgi, don kada ya kawo kyankyaso. A kan kowane gwangwanin abinci sai a rubuta abin da ke ciki, gama in laima ta ɓare takardarsa ba mai rabe wake da madara. Lemo da tumatir a rataye su cikin raga su sha iska. Ruwan sha a lissafta shi, na mutum kaza, kwana kaza, a ƙara na ko-ta-kwana. Kome aka ajiye a rubuta wurinsa a littafi. Da maraice a raba gadi, kowa ya san sa'ar barcinsa da ta tsaronsa. Gobe kuma haka.

Wani zai ce wannan aikin ɗan dako ne, ina abin yabo? Bari in ba shi labarin mutum biyu. Cikin 1968 jaridar Sunday Times ta Ingila ta sa gasar kewaya duniya, mutum shi kaɗai, ba tsayawa. Mutum 9 suka tashi. Robin Knox-Johnston ya san jirginsa ciki da bai, don ya riga ya tuƙo shi daga Indiya har Ingila. Ya tashi ran 14 ga Yuni, ya komo bayan kwana 312, shi kaɗai ya gama. Donald Crowhurst kuwa sabon jirgi gare shi wanda bai gwada sosai ba, ya tashi ran 31 ga Oktoba, ranar ƙarshe da aka yarda, kayansa barkatai, waɗansu ma an baro su a gaɓa. Jirgi ya kama yoyo. Kunyar komowa ta sa ya shiga aika labarin ƙarya game da inda yake. Cikin Yuli 1969 aka tsinci jirgin yana yawo bisa ruwa, ba kowa ciki.

Na yarda shiri ba ya hana hadari zuwa, akwai kuma mai shirin da ba ya ƙarewa, jirgi ya ruɓe a gaɓa. Amma wanda ya san inda kowace igiya take, in hadari ya taso cikin dare hannunsa zai kai gare ta ko da fitila ta mutu.

'Yan'uwana ɗalibai, mu ma muna gaɓa yanzu. Rubuta shirin darasi da gyaran kayan koyarwa su ne namu gwangwanayen, sau da yawa kuwa mukan raina su. Ran da aka rufe ƙofar aji, yara suka zuba mana ido, ba kantin da za mu ruga. Mu fafe gorarmu tun yau.