Ciwon Fitsarin Dattawa Ba Tsufa Ba Ne Kawai

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini don in ja hankalin 'yan'uwana maza na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi kan cutar da ke cin dattawanmu a ɓoye, wato sankarar furostet, 'yar ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

Hukumar binciken cutar daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 maza kimanin 18,000 suka kamu da ita a Nijeriya, sama da 11,000 kuma suka rasu. Ita ce kan gaba cikin cututtukan dajin maza a ƙasar nan. To amma ƙiyasi ne daga rajistocin birane irin su Ibadan da Abuja. Mu nan ƙauye mutum ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwanci, wa ya rubuta abin da ya kashe shi?

Baffana shekara biyu yana tashi fitsari sau biyar a dare, yana cewa sanyi ne, muna saya masa jiƙo ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi. Sai da baya da ƙugu suka hana shi ruku'u muka kai shi asibiti, likita ya ce ciwon ya riga ya shiga ƙashi. Muka sayar da shanu biyu, amma sai dai rage raɗaɗi. Allah ya jiƙansa.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba kowace wahalar fitsari ce daji ba, amma likita ne zai bambance, kuma tana iya somawa babu wata alama. Duk wanda ya kai 50, ko aka taɓa yin ta a gidansu, ya je ya nemi gwajin jini na PSA. Kunya ba ta warkar da kowa.

Ina kira ga gwamnatin Jihar Zamfara ta sauƙaƙa wannan gwaji a asibitocin ƙananan hukumominmu, ta kuma riƙa rubuta masu ciwon, tunda tafiya Gusau ko Sakkwato sai mai hali, ga fargabar hanya. Wanda ba a ƙirga ba, ba a yi masa tanadi. Limamai kuma a taimaka da faɗakarwa ranar Juma'a.

Naka mai karatu kullum,
Wani ɗan tireda,
Ƙaura Namoda, Jihar Zamfara.