Filin Lafiyar Iyali: Allurar Da Ke Kashe Zafin Gwiwa Bayan Tiyata

 

Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Kwatano ta ratsa Paraku da Kandi ta ƙare a bakin gadarmu ta Malanville, ya san irin ɓarnar da haɗarin babur ke yi wa ƙafafun matasanmu. Ga kuma iyayenmu da ciwon gaɓoɓi ya cinye musu gwiwa, har sujada ta zame musu aiki. Idan likita ya ce sai an yi tiyata, akan tura mutum Paraku, tafiyar fiye da kilomita 300, ko Kwatano, fiye da kilomita 700. Da yawa kuwa sukan noƙe, domin ban da kuɗi da nisa, suna tsoron azabar da ke biyo bayan aiki, har wanda koƙon gwiwarsa ya tarwatse ya gwammace ya zauna gida ƙafa ta sandare. Wannan tsoro shi muke so mu yi magana a kai yau.

Zafi saƙo ne da wasu jijiyoyi ke ɗauka daga inda aka ji rauni zuwa ƙwaƙwalwa. Waɗannan dabam suke da jijiyoyin jini, ko da yake Hausa ta haɗa su a suna ɗaya. Idan aka zuba maganin kashe zafi a gefen irin wannan jijiya, sai saƙon ya tsaya a hanya, mutum yana farke, hankalinsa na jikinsa, amma ba ya jin raɗaɗin. Wannan shi ake kira bloc nerveux da Faransanci, kuma yana da kyau mu riƙe sunan domin ranar bukata.

Dabarar ta daɗe. A shekarar 1884 Karl Koller ya kashe zafin ido da hodar ibilis a birnin Biyana, a wannan shekara kuma William Halsted da Richard Hall suka soma allura a gefen jijiya a Amurka. A 1898 August Bier ya yi allurar baya a Jamus, wadda matanmu da aka yi wa aikin haihuwa suka sani. Daga baya aka samu magunguna masu aminci, kamar lidokayin a 1943 da bufibakayin a 1957. Yanzu kuma likitan sa barci yakan duba jijiyar da na'urar ekografi, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, ya ga bakin allura da idonsa.

Game da gwiwa, wurare biyu aka fi amfani da su. Na farko a matsematsi, inda babbar jijiyar gaban cinya ta ratsa. Wannan yana kashe zafi sosai, amma yana raunana naman cinya, ƙafa ta kasa ɗaukar mutum na ɗan lokaci. Na biyu a tsakiyar cinya ta ciki, wanda ke barin mafi yawan ƙarfin ƙafa, shi ya sa likitoci da dama suka fi son sa idan ana so majinyaci ya tashi da wuri. Bayan gwiwa kuwa wata jijiya ce ke kula da shi, don haka ana iya jin ɗan zafi a can. Allura guda takan yi aiki daga sa'a 12 zuwa 24, idan kuma aka bar siririn bututu ana ƙara magani, takan kai kwana biyu ko uku.

Amfaninta ya wuce jin daɗi kawai. Wanda zafi bai danne shi ba yakan soma motsa gwiwa da wuri a hannun mai koyar da motsa gaɓoɓi, wannan kuwa shi ke hana ta sandarewa, ya kuma rage haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Bugu da ƙari, tana rage bukatar magunguna masu ƙarfi irin su mofin da tiramadol. Mu a nan ba sai an gaya mana abin da tiramadol ya yi wa 'ya'yanmu a kasuwa da tasha ba, kuma wasu ta hanyar jinyar rauni suka fara shan sa.

Wasu kan ce Musulmi sai ya yi haƙuri da ciwo. Haƙuri ibada ne babu shakka, amma neman magani bai ci karo da shi ba, addininmu ma ya kwaɗaitar da mu a kansa. Shari'ar da ta yarda mara lafiya ya yi salla a zaune ko a kwance, ya yi shafa a kan bandeji, ya rama azumi bayan ya warke, ba ta ɗora masa jure azabar da ke da magani ba. Malaman likitanci na Musulmi irin su Ibn Sina sun yi rubutu a kan magungunan kwantar da zafi tun kusan shekara dubu da ta wuce.

Ba kowane asibiti ke da na'ura ko ƙwararren da zai yi wannan allura ba, saboda haka a tambayi likitan sa barci tun ranar ganawa kafin aiki. Matambayi ba ya ɓata. A faɗa masa gaskiya idan ana shan maganin tsinka jini, ko na gargajiya, ko tiramadol, domin ɓoyewa na iya jawo matsala. Allurar tana da nata haɗari ko da yake bai cika faruwa ba: idan majinyaci ya ji leɓensa ya mutu, ko kunnensa na ƙara, ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, a kira ma'aikata nan take.

Masu jinya kuma ga naku. Kada ku bar shi ya miƙe shi kaɗai don ya ce ba ya jin komai, domin ƙafar na iya lanƙwashewa ya faɗi a kan aikin. Kada a gasa ta da ruwan zafi ko a kusantar da garwashi, tunda za ta ƙone bai sani ba. A ba shi magungunan da aka rubuta a kan lokaci, tun kafin allurar ta sake shi, saboda zafin yakan dawo da ƙarfi, sau da yawa cikin dare. Kada a sayo ƙari daga masu talla. Idan ƙafa ta kumbura ƙwarai, ko yatsu suka yi sanyi suka sauya launi, ko mutuwar ƙafar ta zarce lokacin da likita ya faɗa, a sanar da shi ba tare da jinkiri ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kiyaye matafiyanmu a kan hanya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.